NAZARI: Tsuntsun ƙasar Botswana da wayar da ba ya gani

A shekarar 2014 gwamnatin Botswana ta bayyana wasu sababbin alamomin ƙasa, inda ta zaɓi itace da fure da ciyawa da tsuntsu. Tsuntsun da ya samu wannan matsayi shi ne wanda al'ummar Tswana ke kira kgori, kuma daga wannan suna ne sauran duniya ta samo "kori". Bahaushe ya san danginsa da sunan tuje, wato babban tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da ke yini yana takawa a fili, wanda ba ya tashi sama sai in tashin ya zama dole.

Shekara guda kafin wannan karramawa, a 2013, Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta cire tujen kori daga jerin halittun da ba a fargabar halin da suke ciki, ta mayar da shi rukunin waɗanda ke dab da shiga haɗari. Sarauta ta iske shi a daidai lokacin da gidansa ya fara yoyo.

Yau, bayan fiye da shekara goma, makomar wannan tsuntsu ta koma hannun mutanen da galibinsu ba su taɓa ganinsa ba: injiniyoyin da ke zana hanyar manyan wayoyin lantarki, da jami'an bankunan da ke ba da rancen aikin, da ministocin da ke sa hannu. Afirka ta shiga zamanin shimfiɗa layukan wuta da ba ta taɓa ganin irinsa ba, kuma da yawa daga cikinsu za su ratsa filayen da tuje ke rayuwa. Binciken shekaru goma sha biyar da suka wuce ya nuna abu guda a fili: da zarar an kafa turaku an ja waya, kusan babu wani abin da aka tabbatar zai ceci tuje. Damar tana kan takarda, lokacin da ake ja layi a taswira.

Tsuntsu mai nauyi, mai jinkirin haihuwa

Tujen kori, wanda masana ke kira Ardeotis kori, shi ne mafi nauyi a cikin tsuntsayen Afirka masu tashi sama. Jimina ta fi shi girma, amma ita ba ta tashi. Ƙosasshen namiji yakan kai kilo 18, tsayinsa ya haura mita ɗaya, faɗin fikafikansa kuma ya wuce mita biyu. Macen ba ta cika wuce rabin nauyinsa ba.

Iri biyu ne. Ɗaya yana kudancin nahiyar, a Botswana da Namibiya da Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da kudancin Angola da wani yanki na Mozambik. Ɗayan yana gabas, daga Habasha da Somaliya zuwa Kenya da Tanzaniya, inda masu yawon buɗe ido ke ganinsa a filayen Serengeti. Abincinsa fara da ƙwari da ƙadangaru da ɓeraye da 'ya'yan itace, yana kuma son ƙaro, har masu jin harshen Afrikaans suka laƙaba masa suna gompou, daga kalmarsu ta ƙaro. A lokacin barbara namiji yakan kumbura wuyansa, ya ɗaga jela, ya riƙa wata ƙara mai kama da ganga daga nesa.

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda yake hayayyafa. Macen tana yin ƙwai ɗaya ko biyu a ƙasa tsirara, ta kwanta a kansu fiye da mako uku ita kaɗai, ta kuma reni 'ya'yan ba tare da taimakon namijin ba. Shekarar da ruwa ya yi ƙaranci haihuwar takan ja baya. Tsuntsun da ke haihuwa haka yana dogara ne ga tsawon ran manyansa. Zabuwa tana iya cike giɓin da farauta ta yi mata cikin damina ɗaya. Tuje kuwa in aka rasa babba guda, sai an yi shekaru kafin a maye gurbinsa.

A al'adar Tswana naman kgori na sarakuna ne, talaka ba ya cinsa sai da izini. Wannan ƙa'ida ta yi aikin da dokar gandun daji ke yi a yau. Da ikon sarakuna kan daji ya raunana, farautarsa domin nama ta zama ɗaya daga cikin manyan matsalolinsa, duk da cewa doka ta haramta. Sai kuma noma da ke cinye fili, da shingayen waya na gonakin kiwo, da sarƙaƙiyar ƙaya da ke mamaye makiyayar da aka yi wa kiwo fiye da kima. Wani bincike da masanin Botswana Kabelo Senyatso ya jagoranta, wanda aka buga a 2013, ya tattara bayanan fiye da ƙarni guda, ya gano cewa yankin da ake samun tsuntsun ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar a gabashin Afirka, da abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma ba a kudanci. A kan waɗannan tsofaffin matsaloli ne wayar lantarki ta zo ta ɗora nata.

Makantar da ke sama

Mai karatu zai iya tambaya: yaya tsuntsu mai ido biyu lafiyayyu zai kasa ganin waya a sararin da babu ko itace?

A 2010 masana biyu, Graham Martin na Jami'ar Birmingham a Ingila da Jessica Shaw da ke aiki a Afirka ta Kudu, sun auna iyakar abin da idon tujen kori ke iya hangowa. Idanunsa suna gefen kai, abin da ke ba shi damar ganin dama da hagu sosai, ya tsinkayi maƙiyi tun daga nesa yayin da yake kiwo. Amma ganinsa na gaba ƙunci gare shi, kuma akwai wani yanki a saman kansa da ba ya gani sam. Binciken ya nuna cewa in yana tashi ya sunkuyar da kai da digiri 25 kacal, domin duba ƙasa ko neman 'yan'uwansa, wannan yanki na makanta shi ke komawa gabansa. A wannan hali yana tafiya ne da cikakken gudu zuwa inda ba ya gani.

A filin da ya rayu shekaru aru-aru wannan bai taɓa zama aibi ba, domin babu komai a sama da zai yi karo da shi. Ga kuma nauyi: ko da ya hango wayar a ƙurarren lokaci, jiki mai kilo goma sha wani abu ba ya juyawa kamar na tsattsewa. Masu bincike sun daɗe da lura cewa siririyar wayar nan ta can ƙololuwa, wadda ke kare layin daga aradu, ita ce mafi wuyar gani, kuma tsuntsun da ya yi sama domin kauce wa masu kauri yakan faɗa mata. Ba wuta ke kama shi ba. Karo ne ke karya masa wuya ko fiffike, sauran aikin kuma dila da sauran namun dawa su ƙarasa cikin dare.

Gwajin Karoo

Maganin da kamfanonin lantarki suka saba da shi a duniya shi ne rataya alamomi a jikin waya, wasu kamar murɗaɗɗen ƙarfe, wasu kamar faifai mai lilo, domin tsuntsu ya gane akwai abu a gabansa. Yana da arha in aka kwatanta da kuɗin aikin gaba ɗaya, kuma yana da kyau a rahoto.

Afirka ta Kudu ta gwada shi gwaji na gaske. Kamfanin lantarkin ƙasar, Eskom, yana da haɗin gwiwa da ƙungiyar kare namun daji ta Endangered Wildlife Trust tun 1996. A yankin Karoo, busasshen fili mai faɗi da ke tsakiyar ƙasar, an sanya alamomi a wasu sassan manyan layuka aka bar wasu, aka yi shekaru ana bin ƙarƙashin wayoyin ana ƙirga gawarwaki. Sakamakon da Shaw da abokan aikinta suka buga a 2021 ya zo da daɗi da ɗaci. Mutuwar manyan tsuntsaye gaba ɗaya ta ragu da kusan rabi. Ta shuɗin gauraka, tsuntsun ƙasar Afirka ta Kudu, ta ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Ga dangin tuje kuwa ba a ga wani sauyi ba.

Wannan sakamako ya kamata ya sauya yadda ake karanta takardun ayyukan lantarki a ko'ina cikin nahiyar. Duk rahoton da ya ce za a ratsa mazaunin tuje da layi, sannan a magance illar ta hanyar rataya alamomi, yana alƙawarin abin da gwaji mafi girma a Afirka bai tabbatar ba. A wannan yanki na Karoo ne ɗan'uwan kori, tujen Ludwig, ya shiga jerin halittun da ke cikin haɗarin ƙarewa tun 2010, kuma babban dalilin da aka bayar shi ne karo da wayoyin wuta.

Nahiya mai ƙishirwar wuta

Babu mai hankalin da zai ce a dakatar da kai wuta ga jama'a saboda tsuntsu. Kimanin mutum miliyan 600 a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki. Wannan adadi yana nufin asibitin da ake karɓar haihuwa da tocila, da ɗalibin da ke rufe littafi da faɗuwar rana, da mai walda da ribarsa ke ƙarewa a man janareto.

Domin haka ne Bankin Duniya da Bankin Raya Afirka suka ƙaddamar da shirin Mission 300, mai burin kai wuta ga mutum miliyan 300 nan da 2030. A taron Darussalam na Janairun 2025 ƙasashe goma sha biyu suka gabatar da alƙawuransu, ciki har da Tanzaniya da Najeriya da Nijar da Chadi. A Satumbar shekarar wasu suka biyo baya, ciki har da Botswana da Namibiya da Kenya da Habasha, wato kusan duk manyan ƙasashen da tujen kori ke zaune.

Aikin ma ya riga ya kankama. Layin da ya haɗa Habasha da Kenya, mai tsawon fiye da kilomita 1,000 daga Wolayta Sodo zuwa Suswa, ya fara aiki a 2022. Wanda ya haɗa Kenya da Tanzaniya, mai kimanin kilomita 500 daga Isinya ta Namanga da Arusha zuwa Singida, ya ratsa ƙasar Masai. Afirka ta Kudu, wadda ta sha mafi munin ɗauke wuta a tarihinta a 2023, tana shirin gina sababbin layuka na kimanin kilomita 14,000 cikin shekara goma, domin rana da iskar da take son mayarwa lantarki suna lardunan Cape, masana'antu da yawan jama'a kuma suna can arewa maso gabas. Tsakanin biyun Karoo ne.

Nan ne ƙullin yake. Wurin da ya fi dacewa da tashar sola ko injin iska shi ne buɗaɗɗen fili mai rana, marar itatuwa, mai arhar diyya, wanda ba shi da jama'a masu murya a babban birni. Wannan siffa ita ce siffar gidan tuje. Makamashin da ake ɗokin samu domin ceton yanayin duniya yana bi ta kan tsuntsun da bai ƙona ko gawayi ɗaya ba.

Darasin Indiya

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi Indiya. Can akwai ɗan'uwan kori na jini, babban tujen Indiya, wanda bai wuce kimanin 150 ba a daji, galibinsu a hamadar Thar ta jihar Rajasthan. Wannan hamada ita ce kuma cibiyar wutar sola da ta iska a ƙasar, wayoyi sun yi mata saƙa.

A Afrilun 2021 Kotun Ƙolin Indiya, a ƙarar da M.K. Ranjitsinh ya shigar, ta ba da umarnin binne wayoyin wuta a ƙarƙashin ƙasa, inda hakan zai yiwu, a faɗin da ya haura murabba'in kilomita 80,000 a Rajasthan da Gujarat. Gwamnati da kamfanoni suka koma kotu suna cewa kuɗin ya fi ƙarfinsu, kuma binne manyan layuka masu ƙarfi a irin wannan nisa ba abu ne mai sauƙi ba ta fuskar fasaha. A Maris 2024 kotun, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai D.Y. Chandrachud, ta sassauta umarnin, ta kafa kwamitin masana ya tantance inda za a iya binnewa. A cikin wannan hukunci ne ta bayyana cewa 'yan ƙasa suna da haƙƙin samun kariya daga illolin sauyin yanayi, hujjar da ta ƙarfafa ɓangaren masu gina tashoshin sola.

Indiya ta fi kowace ƙasar Afirka kuɗi, tana da kotu mai ƙarfi da masana da ƙungiyoyi masu naci. Duk da haka, da ta bari sai da aka gama gini kafin ta tuna da tsuntsun, zaɓin da ya rage mata biyu ne, kuma dukansu masu ciwo: kashe maƙudan kuɗi wajen warware abin da aka riga aka ɗaura, ko zura ido tsuntsun ya ƙare. Botswana, wadda faɗuwar kasuwar lu'ulu'u ta girgiza baitulmalinta tun kafin Shugaba Duma Boko ya karɓi mulki a ƙarshen 2024, ba ta da kuɗin zaɓi na farko. Kenya da Habasha masu fama da bashi ma haka.

Tun ran gini, ran zane

Abin da ya bambanta Afirka da Indiya a yau shi ne lokaci. Tujen kori bai kai bakin ƙarewa ba, kuma yawancin layukan da za su ratsa gidansa ba a gina su ba tukuna. Karkatar da layi a kwamfuta kwana nawa ne. Karkatar da shi bayan an zuba kankare sai dai a yi sabon aiki.

Matakan da masana ke ba da shawara ba asiri ba ne. A san wuraren da tsuntsayen ke taruwa domin barbara da hanyoyin da suke bi tsakanin damina da rani kafin a zaɓi hanya, abin da ke buƙatar binciken da ya zagaye shekara, ba ziyarar mako ɗaya ba. A ja sabon layi kusa da tsohon layi ko babbar hanya maimakon tsaga sabon fili. Masu bincike a Namibiya sun lura cewa tuje ya fi yin karo a tsakiyar tazarar da ke tsakanin turaku biyu, ba kusa da turken da yake iya gani ba, suka ba da shawarar cewa in layuka biyu za su tafi kafaɗa da kafaɗa, a kafa turakun sabon daidai tsakiyar tazarar tsohon. Sannan ga ƙauyukan da ke nesa, ƙaramar tashar sola ta gari ɗaya tana kai wuta ba tare da an ja waya kilomita ɗaruruwa ba, kuma shirin Mission 300 da kansa ya tanadi kaso mai yawa ga irin wannan hanya.

Ƙa'idojin ma suna nan a rubuce. Tsarin kare muhalli da jama'a na Bankin Duniya, wanda ya fara aiki a Oktoban 2018, ya jera matakai bi da bi: a kauce wa illa tukuna, in ba ta kaucu ba a rage ta, sannan a gyara, biyan diyya ya zo a ƙarshe. Ya kuma wajabta bayyana takardun aiki da tuntuɓar waɗanda abin ya shafa. Matsalar ita ce a aikace sau da yawa ana zaɓar hanya bisa arha da gajarta, sannan a ɗauko mai binciken muhalli, wanda mai aikin ne ke biyansa, ya rubuta yadda za a rage illar abin da aka riga aka yanke. Matakin farko, wanda shi kaɗai ke da amfani ga tuje, shi ake tsallakewa.

Wannan tambaya ce ta siyasa kafin ta zama ta kimiyya. A taswirar ma'aikata, filin da ba gona ba gini ana ɗaukarsa wofi. Amma a wannan fili ne Bamasaye ke kiwon shanunsa, a nan ne makiyayin Borana ke bin ruwa da ciyawa. Inda kiwo na yawo ya ci gaba ba tare da shinge ba, tuje yakan samu wurin zama; inda aka yanka filin gunduwa-gunduwa, shi da makiyayin tare suke rasa hanya. Taron da ba a gayyaci makiyayi ba, da wuya a samu wanda zai faɗi inda tsuntsun ke kwana, domin shi ne ya sani.

Inda zancen ya iso gida

Tujen kori ba ya zaune a ƙasar Hausa, amma danginsa suna nan. Tujen Larabawa, wanda suke gida ɗaya da kori, yana rayuwa a Sahel daga Senegal zuwa Nijar da Chadi da Sudan, shi ma yana rukunin masu dab da shiga haɗari, bayan shekarun farauta da motoci da bindigogi da shaho. Yankin kuma yana nasa ginin: babban layin da zai tashi daga Birnin Kebbi ya haɗa Najeriya da Nijar da Benin da Burkina Faso yana cikin manyan ayyukan haɗakar lantarkin Afirka ta Yamma.

Najeriya tana da nata misalin abin da laƙabi ke iya yi da abin da ba ya iyawa. Gauraka, da ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa, ya yi ƙarancin da ganinsa a dajin ƙasar ya zama abin labari. Dokar binciken tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta tanadi a baje rahoton manyan ayyuka ga jama'a, kuma ma'aikatar muhalli takan ba da kwanakin aiki 21 domin karɓar ƙorafi. Waɗannan kwanaki sukan zo su wuce shiru. Matasan da ke bin diddigin kasafin kuɗi da kwangila layi bayan layi ba su cika leƙa waɗannan takardu ba, alhali a cikinsu ne ake yanke wace gona za ta tafi, wane burtali za a toshe, wane fili za a tsaga.

Botswana ta ba kgori suna da matsayi, kuma hakan bai ci mata ko sisi ba. Abin da zai nuna darajar wannan matsayi shi ne ranar da injiniya zai kawo taswira mai layi miƙaƙƙe, wani a teburin ya ce a karkata shi da 'yan kilomitoci, ministan kuma ya yarda ya biya bambancin. A Gaborone ko Nairobi ko Yamai, wannan rana tana zuwa ne sau ɗaya ga kowane layi, kafin motar farko ta sauke siminti.